Kwamfutocin da Na Ba Malamai Kiwo

Shanu huɗu na sayar, rabona daga gadon mahaifinmu, na ɗora a kan ɗan abin da na tara a shago, na sayi kwamfutocin tafi-da-gidanka guda goma sha takwas. Abin da na mallaka ke nan a wancan lokaci, in ka cire janareta ɗaya, da babur, da shagon haya a Kasuwar Gombe wanda wa'adinsa ya kusa cika. In kayan nan suka fita, shago ya tsaya. In ba su fita ba, sai dai in koma tallan batir da tocila a tire, inda na fara.

A wurin wani ɗan kudu na saye su, mutumin kirki da ya daɗe yana koyar da kwamfuta a unguwar Arawa. Da al'amura suka rikice, aka fara jin ƙarar abubuwa a gari, matarsa ta ce ita zamanta ya ƙare, sai ya tattara kayan ya sayar mini a farashin mai gaggawa. Na yi murna da arhar. Abin da ban hango ba, dalilin da ya sa ya karyar da kayan shi ne dalilin da zai hana kowa saye. Mutumin da zai sauka daga babur ya tura shi ya wuce shingen jami'an tsaro kafin ya iso kasuwa, a kuma caje shi a bakin ƙofa, ba jakar kwamfuta yake marmarin ratayawa ya koma gida da ita ba. Watanni suka wuce kayan suna kan kanta. Ita kuwa kwamfuta ba ta haihuwa. Kullum ta kwana darajarta raguwa take yi, batirinta yana mutuwa a zaune.

Ana haka wata mata ta shigo neman cajar kwamfutarta. Malama ce a kwalejin horar da malamai, mai magana a gajarce, ba ta taya kaya sau biyu. Ta dubi jerin da ke kan kanta ta tambaye ni ko duka suna tashi. Na ce duka, in an yi musu haƙuri. Sai ta zauna a benci ta faɗa mini abin da ke gabanta. Wata ƙungiya ta ba ta ɗan tallafi ta tara malaman kimiyya na makarantun sakandare a dogon hutu, ta koya musu yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, abin da yaran yanzu suke kira kodin, don su riƙa amfani da shi a darussan fiziks da kemistiri da bayoloji. Tallafin ya isa abinci da kuɗin mota da man janareta, bai isa kwamfuta ko ɗaya ba. Makarantar da ta ba ta aji tana da ɗakin kwamfuta, amma da aka buɗe aka jona, biyu ne kawai suka tashi, ɗayarsu ma hayaƙi ta yi.

"Haya nake so, Alhaji, amma ba ni da kuɗin haya," in ji ta.

Ban je aikin Hajji ba a lokacin, amma a kasuwa duk mai shago Alhaji ne. Na tambaye ta malamai nawa za su zo. Ta ce sha takwas zuwa ashirin. Na ce ta tsaya a sha takwas, na ba ta aro kyauta, da janareta a kai.

Ba zan ce don lada na yi ba. Malamai masu albashi ne, kuma a shekarar da ɗan kasuwa bai san yadda gobe za ta waye ba, mai albashi ya fi kowa, ko da albashin yana makara. Mutum goma sha takwas masu albashi a ɗaki ɗaya, kullum hannunsu a kan kayana. In ban sayar a nan ba, ba zan sayar a ko'ina ba. Tun ina talla na san kayan da mutum ya kai gida, 'ya'yansa suka gani suka taɓa, da wuya ya iya rabuwa da shi. Shi ya sa da ta kafa sharaɗin cewa kowane malami zai riƙa tafiya gida da tasa, ban yi gardama ba. Dalilinta shi ne dole a tashi aji bayan azahar, saboda da yamma ana hana babura yawo, wasu kuma daga nesa suke zuwa. Za a cika batir a aji, a je gida a yi ta gwaji.

Sai na yi abin da duk dillalin kayan hannu yake yi kafin ya fitar da kaya. Na goge su da man goge kaya har suka ɗauki ido. Na bi tsakanin madannai da auduga. Na manna sabuwar leda a bayan murfi da kan gilashi, na liƙa ƙananan takardun nan masu sheƙi a gefe, na sa kowace a kwali da soso. Wannan ba ƙarya ba ce a wurinmu, ado ne. Ko saniya ana ɗan gyara ta kafin a kai ta kara.

Ranar buɗewa malamar ta ce in yi magana, tunda ni ne mai kaya. Na tashi na ce kayan nan jarina ne gaba ɗaya, amana ce na damƙa musu, a kula da su don Allah. Ina zama sai wani dattijo a layin gaba ya juyo ya ƙare mini kallo ta saman tabarau.

"Kai, ba kai ne yaron da ke sayar da alawa a ƙarƙashin benci ina koyarwa ba?"

Malaminmu na kemistiri ne a aji biyu, shekarar da na bar makaranta. Na durƙusa na gaishe shi, aji ya yi ta dariya. Ya ce ya ji daɗi da ya ga aƙalla abin da nake yi a ajinsa ya amfane ni. Tun daga ranar Baba nake ce masa, shi kuma "kai yaro" yake ce mini, a gaban kowa.

Ni aikina kula da janareta, don haka a bayan aji nake zama kusa da taga, ina jin inji da kunne ɗaya, darasi da ɗayan. Ban fahimci komai da komai ba, amma na kama kan zancen. Maimakon malami ya cika allo da lissafin dutsen da aka saki a rijiya, zai rubuta wa kwamfuta ƙa'idar a layuka kaɗan, ita ta fitar da inda dutsen yake a kowane lokaci, ta zana. Yaro ya ce to in rijiyar ta fi haka zurfi fa, a canza lamba ɗaya, a gani nan take. Haka ruwan zafi da ke hucewa, haka ƙwayoyin cuta da ke ninkuwa a cikin madarar da ta kwana. Malamar tana yawan cewa ba ta zo mayar da kowa injiniya ba, so take yaro ya yi tambaya a sami hanyar gwadawa, tunda yawancin makarantun ɗakin gwajinsu suna ne kawai.

A makon farko na ji daɗin malaman nan ƙwarai. Kullum da safe kwamfutocin suna dawowa tsaf cikin kwalayensu, ledar ko lanƙwasa ba ta yi ba. Wani ma yana ƙara naɗe kwalin da zani. Na ce a raina lallai masu ilimi daban ne. Sai da na fara jona su a caji na lura batir cike yake, yadda suka tafi da shi jiya. Duka goma sha takwas ɗin.

Aikin gida kuwa suna yi, ba wanda ya taɓa fashi. Sai dai a littafin rubutu suke yin sa. Mutum zai ja layi da rula, ya rubuta umarnin kwamfutar da biro mai kyau, sa'an nan ya zauna ya yi lissafin da kwamfutar ya kamata ta yi, da kansa, ya rubuta amsa a ƙasa. A aji ma da yatsa ɗaya suke dannawa, a hankali, kamar mai gwada ko tukunya ta huce. In aka yi kuskure jan rubutu ya fito, sai ka ga babban mutum ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya, ya ce, "Malama, tawa ta lalace."

Malamar ta same ni a wurin janareta ta ce abin ba ya tafiya. Ta ce wannan aiki kamar tuƙi ne, ba a koyonsa a takarda, kuma in haka za a ci gaba gara ta mayar mini da kayana ta riƙa nuna musu da tata a bango, kowa ya huta. Na ce ta ba ni kwana biyu. In ta mayar mini da su a haka, na samu kayana lafiya lau, na kuma koma inda nake, da kwali goma sha takwas da ba mai so.

Bayan an tashi aji na hau babur na tafi gidan Baba a Barunde, da sunan gaisuwa. Bayan an kawo ruwa na tambaye shi ina kwamfutar. Ya tashi ya ciro mukulli daga aljihu, ya buɗe ɗaki, ya nuna mini saman sif ɗin kaya. Tana can cikin kwalinta, an lulluɓe da atamfar matarsa, an ɗora darduma a kai. Ya ce ya gaya wa jikokinsa duk wanda ya shiga ɗakin nan sai ya ga abin da zai gani.

Na ce, "Baba, ai don a yi aiki da ita aka ba ka."

Ya koma ya zauna. "Kai yaro, shekara nawa kake ganin na yi ina koyarwa? A aikinmu in ka fasa kwalbar gwaji ɗaya, takarda za a rubuta, a cire a albashi. Akwai madubin duba ƙwayoyin cuta da aka kawo makarantarmu, yana cikin akwatinsa har gara ta cinye akwatin, ba wanda aka tuhuma. Da wani ya fito da shi ya nuna wa yara ya faɗi, da yanzu yana biya. Mu abin da muka koya ke nan. Sa'an nan kai ka tsaya gabanmu ka ce jarinka ne, amana ce. Wa ke wasa da amana? Ajiye ta ake yi, a mayar wa mai ita yadda ya bayar."

Na ce masa ba sababbi ba ne, na hannu ne, sun sha aiki a wurin wani kafin ni.

Ya dubi kwalin, ya dube ni. "Da ledarta? Ni za ka yi wa wayon kasuwa?"

A hanyar komawa, ina tura babur a layin shinge, na tuna yadda mahaifinmu yake ba da aron saniya. In cuta ta cinye wa ɗan'uwa garke, ko saurayi ya yi aure ba shi da abin tatsa, sai a kora masa saniya mai shayarwa. Ya yi kiwonta, ya tatsa, iyalinsa su sha. In ta mutu a kiwo, ta cuta ko ta saran maciji, ba a biya, zuwa kawai zai yi ya faɗa. Abin kunya a wurinmu shi ne a ba ka saniya ka ɗaure ta a turke ka ƙi tatsa saboda tsoro, har nonon ya ƙafe. Aro iri biyu ne, ni kuma na ba su wanda ba shi nake nufi ba, na kuma naɗe shi da leda.

Washegari na roƙi malamar ta ba ni farkon aji. Na ce kowa ya fito da tasa ya ajiye a tebur. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da reza, ina ɓare leda, ina ɓamɓare takardun sheƙi. Tabon da ke ƙasa duk ya fito. Sa'an nan na yi abin da in da tsohon ubangidana na kasuwa ya gani, da ya ce ban koyi komai a hannunsa ba. Na faɗi aibin kowace. Wannan fankarta tana kuka in ta yi zafi. Wannan wuyanta ya saki, sai an jingina ta da littafi. Wannan akwai madanni ɗaya da sai an danna shi da ƙarfi. Waccan ta taɓa faɗuwa, ga inda aka liƙe. Ta Baba ma ta taɓa faɗuwa, madanninta ɗaya kurma ne, na kuma juya ta na nuna masa inda wani yaro ya taɓa kankara sunan budurwarsa da ƙusa.

Akwai malamin fiziks, Babarbare, wanda rikicin ya koro daga garinsu yake zaune a gidan ƙaninsa. Tun ranar farko da ya ji ni Bafulatani ne ya kama ni da wasan da ke tsakaninmu. Ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Jama'a ku shaida, yau Fulata ya faɗi aibin saniyarsa a kasuwa. Malama, a duba mana ko zazzaɓi yake yi."

Na ce masa bawa ba ya magana ubangidansa yana tsaye. Sa'an nan na ba su labarin saniyar aro, na ce haka nake so mu yi. A tatsa. Duk wadda ta lalace a wurin aiki, a kaina, ba wanda zan tambaya ko sisi. Wanda kawai zan yi faɗa da shi shi ne wanda ya dawo mini da batir cike.

Malamar bayoloji, 'yar Tangale, uwar 'ya'ya biyar, wadda kowa ke kira Madam, ta ce tana da tambaya. "Alhaji, in yarana suka zuba mata kunu fa?"

"Kunu a wurin aiki, ko kunu a wurin kallon fim?"

"A gidana tebur ɗaya ne."

Aka yi dariya, wani malami a bayanta har da buga benci. Na ce kunu ma a kaina. Suka tafi da su ba kwali. Washegari batir ya ɗan ragu a wasu, amma na ga alama kunnawa kawai aka yi aka bari ya sauka don a fita haƙƙina. Maganar ɗan kasuwa ce, suna jira su ga ranar da za a gwada ta.

Ba a daɗe ba ranar ta zo, kuma janaretana ne ya kawo ta. Ana tsakiyar darasi ya shaƙe, ya yi wata irin ƙara guda ɗaya mai ƙarfi ya mutu. A shekarun nan ko taya ce ta fashe ba a tsayawa tambaya. Kafin in buɗe baki in ce inji ne, rabin aji yana ƙarƙashin tebur, rabi ya yi ƙofa. Baba ya fita ba takalmi, Babarbaren nan ya bi ta taga da girmansa. Da aka gane abin da ya faru aka dawo ana dariya ana tsokanar juna, sai dariyar ta tsaya. Madam ta sarƙe wayar caji da ƙafa wajen gudu, kwamfutarta tana ƙasa a kife. Ta ɗaga ta, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, baƙin ruwa yana yaɗuwa a ciki.

Ba wanda ya dubi kwamfutar sosai, ni suke kallo. Ita Madam ta riga ta fara cewa in yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Gaskiya kwamfutar tana cikin masu kyau, kuma gilashinta ba a samunsa a garin nan a lokacin, hanyar da ake kawo shi ma ba kowa ke son binta ba. Na karɓa na duba, na ga injin yana aiki, fuskar ce kawai ta tafi.

Na ce, "A kiwo ta karye, Madam. Zancen ya ƙare."

"Alhaji, da gaske kake ko don mutane?"

"Don mutane ne, amma da gaske nake."

Washegari na ɗauro wata tsohuwar monita ta kwamfutar tebur a bayan babur, na jona mata. Ta zama ita kaɗai ke da babbar fuska a aji, har wasu suka fara cewa da ma tasu ce ta faɗi.

Daga ranar kayana suka shiga uku, ni kuma na fara samun barci. Suna dawowa batir a mace, da shatin yatsun manja a murfi, da ɓawon gyaɗa tsakanin madannai. Jan rubutun da ke sa su ɗora hannu a cinya ya zama abin musu. Baba yana zama ya nuna wa kwamfutar yatsa yana cewa ita ce ba ta gane ba, sai ya gano inda ya kauce, ya gyara shiru, ya ƙi kallon kowa. Ya zo da fulas na ruwan zafi da ma'aunin zafi daga gida, ya sa wata matashiyar malama tana karanta masa lamba yana shigarwa, layi ya fito yana gangarowa da sauri sa'an nan ya kwanta. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce shekara da shekaru yana zana wa yara wannan layin a allo daga littafi, bai taɓa ganin nasa ruwan ya zana shi ba.

Madam ta sa 'yarta babba a aikin, suka yi lissafin ƙwayoyin cuta a madarar da aka bari a rana da wadda aka sa a randa. Ta ce tun da mijinta ya ga lambobin ya daina shan abin da ya kwana. Shi kuwa Babarbare ya ɗaure dutse da zare ya rataya a ƙofar aji yana lilo da shi, yana gwama abin da agogo ya ba shi da abin da kwamfuta ta ce, in suka saɓa ya ce iskar Gombe ce ba ta da tarbiyya.

Shi ne ya zo wata safiya a makare yana dariya tun daga ƙofa. An tsayar da shi a shinge, aka ce ya buɗe jaka, aka ce ya kunna a ga ko kwamfuta ce da gaske. Ya kunna, abin da ke fuskar shi ne aikinsa na jiya, ƙwallo tana faɗowa daga sama lambobi suna gudu a gefe. Jami'in ya tambaye shi mene ne wannan. Ya yi masa bayani. Jami'in ya ce shi ma ya yi fiziks a sakandare, ya tambaya ko za a iya nuna yadda za ta faɗi a duniyar wata. Ya canza lamba ɗaya, ƙwallo ta riƙa saukowa a hankali kamar auduga. Jami'in ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Masu babura a baya suna tsaye a rana suna ta tsaki, ba damar magana.

"Ɗalibaina na farko a garin nan ke nan, Fulata, kuma ba su biya ba, kamar kai da kake jin darasi kyauta a bayan aji."

A ƙarshen horon aka kawo 'yan makaranta daga unguwa, kowane malami ya yi darasi na gaske a gabansu. Ban ga duka ba, ina fama da inji. Na dai leƙa na Baba, na tarar ya bar wata yarinya ta zauna a kujerarsa tana canza lamba, shi yana tsaye a bayanta hannu a baya, yana cewa ta danna da ƙarfi, wannan madannin kurma ne.

Ranar mayar da kaya na shimfiɗa tebur a bakin aji, na ce wanda zai dawo da ita ga wuri, wanda yake so ya riƙe mu yi magana, a biya kaɗan-kaɗan a ƙarshen wata. Baba ne ya fara zuwa, kwamfutar a hammata kamar tabarmar salla. Na faɗi farashi. Ya cire tabarau.

"Kai yaro, da bakinka ka ce ta taɓa faɗuwa. Ka ce madanninta kurma ne. Ga sunan budurwar wani a bayanta, ni da jikoki."

"Baba, ai da ba ta da wannan tabon na gefe, a hannunka ta same shi."

"To ka ga wani aibin ke nan. A rage."

Sauran suna layi suna ji, kowa kuma ya haddace aibin tasa kalma da kalma, yadda na faɗa ranar reza. Malamai ba sa mantuwa da abin da aka faɗa a aji. Ban taɓa shan ciniki mai wuya irin na ranar ba, kuma ba ni da bakin musu, don shaidar da suke kawowa tawa ce. Malamar horon tana zaune a gefe tana cin gyaɗa, ta ce ita ba ruwanta, kimiyya ta zo koyarwa.

Babarbare ne na ƙarshe. Ya ajiye tasa a tebur ya goge murfin da hannun riga. Ya ce makarantarsu a rufe take, albashinsa sai an yi wata da watanni bai gani ba, ba zai ɗauki alkawarin da ba zai cika ba. An ce za a ba shi aji a inda ake koyar da yaran da suka yi gudun hijira, amma can ko allo sai an yi dabara. Na tura masa ita na ce ya tafi da ita, ba saye ba, ba kyauta ba, ya ci gaba da tatsa, in ya samu tasa ya dawo mini da ita. Ya ce ai dama haƙƙin ubangida ne a kan bawansa, ya sa a jaka.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Sha ɗaya malamai suka saya, har da Madam da ta ɗauki mai fasasshen gilashi da monitarta, duka a ƙasa da farashin da na sa a raina, amma kowa ya biya har ƙarshe. Biyu wani mai makarantar kuɗi ya saya, don malaminsa ya ce ba zai koma aji ba sai da su. Ɗaya kunu ya kashe ta murus, kuma ba a gidan Madam ba, a gidan mutumin nan da ya buga benci yana mata dariya. Ɗaya an manta da ita a keke mai ƙafa uku, ba a sake ganinta ba. Biyu sun dawo a gajiye, na fasa su na sayar da kayan cikinsu. Da na haɗa komai, abin da ya dawo hannuna ya kai shanu uku da ɗan maraƙi, cikin huɗun da suka fita. Ya isa na sabunta hayar shago, kuma malaman nan da ɗalibansu a wurina suke sayen batir da caja, suke kawo gyara, har yanzu. Ta sha takwas ɗin tana hannun Babarbare, ya koma garinsu da ita da hanya ta buɗe. Ban sa ta a riba ba, ban kuma sa ta a asara ba, tunda bai zo ya ce mini ta mutu ba.